Kafin ki sayi kamfai: yadi, launi da abin da tabo yake nunawa

Mata da yawa a Zariya suna ɗora wa mai kaya laifi idan suka ga tsakiyar baƙin kamfai ya koɗe bayan 'yan watanni, ya koma ruwan ƙasa ko ja-ja kamar an ɗiga masa sinadarin wanki, wasu kuma hankalinsu ya tashi su ce ciwon sanyi ne ya kama su. A mafi yawan lokuta ba ɗaya daga ciki. Ruwan da ke fita daga gaban mace mai lafiya yana da tsami, wanda a ma'aunin tsami da ake kira pH yake tsakanin 3.8 da 4.5, kuma wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ake kira laktobasilas ne ke samar da shi domin hana masu cutarwa yaɗuwa. Wannan tsamin ne ke cin rinin yadi a hankali, don haka ko kamfai mai tsada ba ya tsira.

Idan kin shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada, yawanci iri uku za a baje miki: na auduga, na nailan mai santsi, da na leshi wanda ake yawan zubawa a akwatin lefe. Na auduga ba shi da ƙyalli, yana saurin nuna koɗewa, kuma yana daɗewa bai bushe ba da damina, amma yana tsotse gumi yana barin iska ta shiga, abin da ke da muhimmanci a zafin Maris da Afrilu. Na nailan yana riƙe launinsa, yana bushewa da wuri, sai dai yana tsare zafi da danshi a jiki, yanayin da ƙaiƙayi ke samun wurin zama. Na leshi na kwalliya ne na 'yan sa'o'i, ba na yini guda a makaranta ko wurin aiki ba. Idan ya zama dole ki ɗauki mai santsi, ki juya cikinsa ki tabbatar ƙyallen tsakiya na auduga ne, kuma ki guji wanda robarsa ke shata layi a cinya. Na gwanjo kuwa, duk arharsa, ban ga dalilin sayensa ba.

A kan launi ne nake saɓa wa masu sayarwa, waɗanda kan ce baƙi ya fi rufa asiri. Baƙi da shuɗi mai duhu su ne suka fi tona koɗewa, kuma suna ɓoye abin da ya kamata ki gani. Fari ko mai haske yana nuna miki ɗaukewar haila domin wankan tsarki, yana kuma nuna canjin da ke buƙatar likita. Ruwan gaba fari ko garai-garai marar wari, wanda kan bushe ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa, na lafiya ne, kuma yawansa na ƙaruwa a tsakiyar kwanakin da ke tsakanin haila biyu da lokacin juna biyu. Ruwan ƙasa a farko ko ƙarshen haila tsohon jini ne. Amma fari mai kauri kamar kindirmo tare da ƙaiƙayi, ko ruwan toka mai ƙarnin kifi, ko kore-kore mai kumfa, cututtuka ne daban-daban masu magani daban-daban, duk da cewa a gari sunan sanyi ɗaya ake ba su. Shi ya sa gwaji a Asibitin Gambo Sawaba, ko Asibitin Koyarwa na Shika, ko cibiyar lafiya ta unguwa, ya fi sayen magani a kemis da ka. Jini bayan saduwa ko bayan mace ta daina haila ba abin jinkiri ba ne ko kaɗan.

Akwai kayan da ake tallatawa tare da kamfai, irin su sabulun wanke gaba mai ƙamshi da haɗe-haɗen matsi. Cusa su ciki na kashe ƙwayoyin nan masu tsaro, ya rage tsamin, sai warin da ake gudu ya biyo baya. Ruwa mai tsabta a waje ya wadatar. Siririyar audugar da ake liƙawa kullum tana kare yadi daga koɗewa, amma sai marar turare, kuma a riƙa canza ta idan ta jiƙe.

Ga mai kuɗi kaɗan, shida zuwa bakwai na auduga masu haske domin yau da kullum, da biyu ko uku masu duhu domin kwanakin haila, sun fi dozin na nailan amfani. Tabon jini da ruwan sanyi ake wanke shi tun yana sabo, domin ruwan zafi na kama shi a yadi. A ɗauraye sabulu sarai, sannan a shanya a rana, ko da kunya za ta sa a rufa masa siririn mayafi a kan igiya, maimakon a rataye shi a bayan ƙofar banɗaki inda zai kwana da danshi.