Ta iya ɗinki, amma ba ta iya cika alƙawari ba: telar da ta yi min rigar dina

Matar da ta ɗinka min kayan biki ta iya ɗinki, wannan kam ba zan hana ta ba. Ba zan kama sunanta ko na shagonta ba, a nan Kano take, kuma ɗinkin amare shi ne abin da aka fi saninta da shi. Atamfofina da shaddar da na sa ranar walima duk sun zauna a jikina daidai, ɗinkin ciki a tsaftace, babu zare ko ɗaya da ke lilo. Da a kan waɗannan kaɗai zan yi magana, da yabo zan yi na tashi. Rigar dina ce ta sa nake wannan rubutu.

An sa bikina makonni biyu bayan ƙaramar Sallah ta 2024. Tun a watan Disamba Umma ta ce mu shiga Kantin Kwari mu sayi leshin dina da na anko, don kaya kullum hawa suke. Gaskiyarta kuwa, domin zuwa Fabrairu dala ta haura naira 1,500, kuma leshi kaya ne na shigowa, da dala ta motsa sai ya bi ta. Ƙawayena da suka yi jinkirin karɓar anko, da suka koma sun tarar an ƙara kuɗi, kalar ma ta ƙare, sai mai kama da ita. Umma ba ta tsaya a yadi biyar da aka saba yankawa ba, ta sa aka ƙara mana, ta ce leshi in ya ƙare a Kwari ba lallai irinsa ya sake dawowa ba. Wannan ƙarin shi ya rufa min asiri daga baya.

A farkon Janairu muka kai wa telar kayan. Ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta zana min yadda rigar za ta kasance, ta auna ni. Har ta ba ni shawarar da ta sa na ƙara yarda da ita: ta ce ba za ta sa almakashi yanzu ba, don jikin amarya yana canzawa. Da an fara gyaran jiki, ana ɗura wa mutum kunu da madara da farfesun kaza, wata ta yi ƙiba, wata kuma zullumi ya ramar da ita. Ta ce za ta sake auna ni daf da azumi, a yi gwajin farko, kafin tsakiyar azumi riga ta haɗu, sai aikin duwatsu ya rage. Muka ba ta fiye da rabin kuɗin a matsayin kafin alƙalami, na koma gida hankalina kwance, ina ganin wadda ta kai ɗinki saura kusan wata huɗu ai ba ta da abin fargaba.

Aka ɗauki azumi ranar 11 ga Maris ba ta kira ni awo ba. In na kira, ko dai ba a ɗauka, ko wata yarinyar shago ta ce Anti tana kan keke. Da na gaji na je da kaina, ranar ana zafin nan na Kano mai sa mutum ya ji kamar ba zai kai magariba ba. Shagon ya cika da ɗinkin Sallah har bakin ƙofa, janareta na ta ruri don babu wuta, mata zaune a kan benci kowa na jiran nata. Na ɗaga kai na hango ledata a saman kanta, ɗaurin da Umma ta yi mata ko kwance shi ba a yi ba. Na ce, “Anti, ga shi har an kusa raba azumi.” Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Amarya, kwantar da hankalinki, ke ai bayan Sallah ce.”

Wannan maganar har yau tana min ciwo. Wato kai kayana da wuri bai sa na shiga gaban layi ba, sai ma ya sa aka ajiye ni a matsayin wadda za ta iya jira. Duk wadda ta kawo atamfar Sallah a goman ƙarshe ta riga ni karɓa.

Aka yi Sallah ranar 10 ga Afrilu. Na ɗauka washegarin hawan Nasarawa za a koma aiki, ashe yaran shagon duk sun tafi garuruwansu, mai sa duwatsun kuma, wanda ba ma a shagon yake ba, kai masa ake yi, bai dawo ba sai da aka kwashe mako guda. Aikin duwatsu ba a yin sa da gaggawa. Ɗaya bayan ɗaya ake jera su, wasu da allura, wasu da gam, gam ɗin kuma yana son ya samu lokaci ya bushe. Duk ta san wannan tun ranar da ta karɓi kuɗina.

Ana saura 'yan kwanaki a fara biki aka kira ni gwaji. Na sa riga, zif ya tsaya a tsakiyar bayana ya ƙi hawa, hannu ya matse ni har ba na iya ɗaga shi. Da awon Janairu ta yanka! Matar da ta zaunar da ni ta yi min bayanin yadda jikin amarya ke canzawa, ita ce ta yanka leshina da tsohon awo, kuma ba ta bar ko ɗan rara a ciki da za a buɗe ba. Na tsaya a gaban madubi hawaye na zuba, ita kuma tana cewa wai ni ce na yi ƙiba da yawa. Ranar kamu ina zaune da lalle a hannu da ƙafa, gida cike da 'yan uwa, amma hankalina na shago. Yayata ce ta bar baƙinta ta ɗauki ragowar leshin nan ta je ta zauna mata, ta ce ba za ta tashi ba sai an farke gefe da gefe an sa ƙari. Ba ta ga kamun ƙanwarta ba, kuma ba abin da za a sake ba ne.

Riga ta iso ranar dina bayan la'asar, mai kwalliya ta gama tana jira, motoci sun fara taruwa. Warin gam na tashi daga jikinta. Ta yi kyau, ba zan ce ba ta yi ba, ƙarin da aka sa ma sai wanda aka nuna wa zai gane, nan ma gwaninta ce. Amma kafin a tashi duwatsun ƙasan rigar sun fara zubewa, ƙawata na bi tana tsincewa a hannu.

Na fara rubutun nan da niyyar in ce gwana ce, matsalarta lokaci kawai. Yanzu da nake tuno abubuwan ɗaya bayan ɗaya, ban ga zan iya tsayawa a nan ba. Mayafin da muka yi da ita za a yi wa ado a baki, haka ya dawo fili. Da Yaya ta je biyan cikon kuɗi, maimakon a rage na mayafin, sai aka ɗora mata wai kuɗin aikin gaggawa, gaggawar da ita ta jawo ta. Kuma har yau ba ta buɗe baki ta ce min in yi haƙuri ba. Abin da ta ce wa Yaya shi ne, ɗinkin amare dama haka yake. To ba haka yake ba. Alƙawari kaya ne, wanda ya san ba zai iya ɗauka ba sai ya faɗa tun farko, mutum ya nemi wani.

Amaren da ke tambaya yaushe za su fara sayen yadi da kai ɗinki, ni dai abin da na gani ke nan. Yadi a saya da an sa rana, a kuma ƙara a kan abin da tela ta ce. Amma wajen ɗinki, ƙirga watanni kaɗai ba ya isa, sai an duba me ke cikin watannin. Sha'aban cike yake da bukukuwan masu son a tare kafin azumi, Ramadan na ɗinkin Sallah ne, Shawwal amare sun sake dawowa, ga babbar Sallah, ga hutun Disamba da kowa ke sa biki a cikinsa. Azumi kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, don haka lissafin da ya yi wa yayarki aiki bara ba lallai ya yi miki ba. In azumi ya faɗo tsakanin ranar kai ɗinki da ranar biki, ki cire watan nan gaba ɗaya da makon Sallah daga lissafinki, ki ce rigarki ta fito kafin a ga wata, da rara a ciki yadda za a iya buɗewa ko a rage. Ki tambaya ko a shagon ake sa duwatsu ko fita ake da su. Awo na biyu kada ki jira a kira ki, ki je ki tsaya a yi shi a gabanki, kuma ki riƙe kaso mai kauri na kuɗin sai kin sa riga zif ya hau.

Ƙanwata za a yi nata bikin, Umma ta ce a kai wa matar nan atamfofi tunda hannunta na da kyau, ban hana ba. Rigar dina kuwa na ce sai dai a nemi wata telar, ko a karɓi haya a wajen masu ba da kayan amare, a gwada ta a gani tun da sauran lokaci.