Duban sankara kyauta a Garwa: aiki mai kyau da ya tsaya a bakin ƙofa

A watan Oktoba, wanda ma'aikatan lafiya suka keɓe domin wayar da kai game da sankarar mama, wata ƙaramar cibiyar lafiya da ke kusa da unguwarmu a Garwa, a arewacin Kamaru, ta yi shelar cewa za ta duba mata kyauta har tsawon mako guda, duban mama da na bakin mahaifa. Labarin ya iso mini ta rukunin WhatsApp na matan Islamiyyarmu. Lafiyata ƙalau a lokacin, amma na shirya zuwa domin in samu hujjar jan goggona, wadda ta zo daga ƙauyensu na wajen Pitowa da wani ƙullutu a mamanta na hagu, ta kuma shafe watanni tana shafa masa garin magani tana rufe shi da mayafi kamar abin kunya. Ba zan kama sunan cibiyar ba, domin yawancin abin da zan kushe ya fi ƙarfinta.

Mun isa da misalin ƙarfe bakwai na safe, muka tarar mata sun riga sun cika bencina a ƙarƙashin darbejiya, wasu da goyo, wasu da kwanon abinci, alamar sun san zaman yini ne. Kyautar kuwa ta gaskiya ce, domin ban da kuɗin littafin asibiti da muke kira karne, ba wanda ya nemi ko dala a hannuna. Tsarin layin ne bai yi ba. An raba lambobi a kan guntayen kwali, suka ƙare kafin ƙarfe tara, sai ya zama matan cikin gari ne suka samu, waɗanda suka taso daga nesa kuma, su da suka fi kowa kashe kuɗin mota, aka ce musu su dawo gobe. Na ji wata da ta ce daga wajen Lagdo take tana tambayar inda za ta kwana, ba ta samu amsa ba.

Abin da ya fara sanyaya mini rai shi ne bayanin da babbar ungozomar ta yi kafin a fara shiga. Ba ta tsaya Faransanci ba, da Fulatanci ta yi, sannan ta maimaita da Hausa, ta kuma ɗaga kayan aikin sama kowa ya gani: ƙarfen da ake buɗa gaba da shi, fitila, auduga, da kwalbar ruwan tsami. Ta ce sankarar bakin mahaifa tana farawa ne daga wata ƙwayar cuta mai suna HPV da ake ɗauka ta hanyar saduwa, cewa yawancin mata jikinsu yana kawar da ita da kansa, amma a jikin wasu takan zauna tana sauya fatar wurin a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji, kuma a duk tsawon wannan lokaci mace ba ta jin komai. Goggo ta raɗa mini cewa, "Ke 'yar nan, ai daji ba a sa masa ƙarfe, in aka taɓa shi fushi yake yi ya bazu." Ashe ungozomar ta ji. Ta matso, ta durƙusa a gabanta, ta ce, "Inna, jinkiri ne ke sa shi bazuwa. Ku bari in duba ku da hannu kawai, babu allura, babu wuƙa." Wannan durƙuson ne ya shigar da Goggo ɗakin, abin da ni na yi wata biyu ina roƙo ban samu ba.

Ɗakin duban ƙarami ne amma tsaf yake, akwai labule mai kauri, kuma mata ne zalla a ciki, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne, tun da maza da yawa ba za su bar matansu su zo ba in sun ji namiji ne zai duba. Nawa duban bai kai minti goma ba. An shafa ruwan tsamin a bakin mahaifa, aka jira minti ɗaya, aka haska. Hikimar ita ce wurin da ya fara lalacewa yakan yi fari idan tsamin ya taɓa shi, mai lafiya kuma ya zauna yadda yake. Na ji ɗan sanyin ƙarfen da ɗan zafi kaɗan, ba wani abin da ya wuce haka, aka ce mini babu komai, aka rubuta a karne cewa in dawo bayan shekara uku.

Maƙwabciyata da muka tafi tare, ita an ga farin tabo. A nan ne na ga abin da ya fi burge ni a duk aikin, domin ba a tura ta ko'ina ba. Suna da wata ƙaramar na'ura mai aiki da batir, wadda kanta yake ɗaukar zafi har ma'auni 100 na Salsiyos, a ɗora shi a kan tabon na 'yan daƙiƙoƙi ya ƙone shi tun bai zama daji ba. A ranar aka yi mata, da ƙafarta ta fito, muka hau babur ɗaya zuwa gida. An gargaɗe ta cewa za ta ga ruwa yana fita na wasu makonni, kada maigidanta ya kusance ta har mako huɗu, ta kuma koma bayan shekara guda. Nauyin faɗa wa maigidan ya fi damun ta a kan ƙunar, sai ungozomar ta karɓi waya ta yi masa bayani da kanta, cikin ladabi, tana kiran sa Alhaji. Duk wanda ya san yadda mace ke ɓacewa tsakanin "an ga wani abu" da "ki dawo wata rana" zai gane darajar a duba a kuma yi magani a zama ɗaya.

Duk da haka, duban ruwan tsami yana da iyaka, kuma su ma ba su ɓoye ba. Ya dogara ne da ido da ƙwarewar mai dubawa, kuma ba ya aiki sosai ga matan da suka haura hamsin, saboda wurin da ake nema yakan shige ciki bayan al'ada ta ɗauke. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2021 ta fi son a fara da gwajin ƙwayar HPV kanta, daga shekara 30, ko 25 ga mai ɗauke da HIV, wadda haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida, kuma a wannan gwaji mace tana iya ɗaukar samfurin da hannunta ba sai ta kwanta a gaban kowa ba. Wannan cibiya ba ta da shi. Na so a ce tana da shi, domin na san mata a danginmu da kunya kaɗai ta hana su zuwa.

Goggo ta daɗe a ciki fiye da kowa. Da ungozomar ta fito, ba ta yi magana a gaban mutane ba, ta ja ni gefe ta ce ƙullutun yana da tauri, ba ya motsi, akwai kuma kaluluwa a hammata, don haka kada mu kwana biyu ba mu ga likita ba. Ta rubuta takardar turawa, ta buga hatimi, ta yi mana addu'a. Daga wannan takarda kyauta ta ƙare.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan rubutu. Muka biya kuɗin ganin likita a wani babban asibiti, muka biya na eko, wato hoton da ake leƙa cikin jiki da shi, muka biya aka yanki 'yar tsoka domin a gwada, aka aika da ita kudu, sakamakon bai dawo ba sai bayan mako biyar, kuma sau uku ina zuwa tambaya ana ce mini tukuna. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a shirinta na sankarar mama ita ce a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti; mu da ƙyar muka shiga cikin wa'adin, alhali a gari muke, muna da mai karatu a gida, muna da wanda za mu kira. Aka yi tiyata, aka shiga ƙarin ruwan maganin da ake kira shimiyo duk bayan mako uku, kowane zagaye da takardar maganinsa da mu za mu saya, har akwai lokacin da sai da muka sa aka auno mana ɗaya daga Yawunde a motar haya. Bijimin Kawu ya tafi kasuwar Pitowa, adashina ma na roƙa aka ba ni kafin lokacina. Sannan likita ya ce saura gashi, wato ƙona wurin da haske, kuma a Duwala za a yi. Mai karatu na kudu ba lalle ya ji nauyin wannan kalma ba. Daga Garwa zuwa Ngaundare kusan kilomita 280 ne a mota, da hawan dutsen nan da kowa ya sani, daga nan a kwana a jirgin ƙasa fiye da kilomita 600 zuwa Yawunde, sannan a ƙara wasu kusan 240 zuwa Duwala. Gashin kuma ba na rana ɗaya ba ne, kullum ake zuwa har makonni, don haka sai an nemi masauki da abinci na mutum biyu a garin da Goggo ba ta jin harshen kowa.

Ba na ɗora wa ungozomar nan laifin nisan Duwala. Abin da nake tuhumar masu shirya irin wannan mako da shi shi ne ba su tanadi kowa da zai bi sawun waɗanda aka tura ba. An rubuta lambar wayata a rajista, amma ba a taɓa kira ba. Mata nawa aka ba irin takardarmu a makon nan, nawa suka kai ta inda aka ce, nawa suka ninke ta suka sa a ƙarƙashin katifa suka koma wurin mai magani? Mutum ɗaya da waya da littafi zai iya wannan aiki, kuma kuɗinsa bai kai na rigunan ruwan hoda da aka ɗinka wa ma'aikata ba.

Mun kuma san a nan Arewa cewa ana iya sauƙaƙa wa talaka idan an so, domin mun ga cakin lafiya na masu juna biyu da aka fara a jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa a 2015, inda mace ke biyan sefa 6,000 ta samu awo da haihuwa har da tiyata in ta kama. Shirin kiwon lafiya na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Afrilun 2023 ya mayar da wankin ƙoda sefa 15,000 a shekara. Mai cutar daji ita ma irin wannan takarda take bukata, wadda za ta ɗauke mata gwajin tsoka da shimiyo da kuɗin hanya. A 2022 mata kusan 350,000 sankarar bakin mahaifa ta kashe a duniya, kashi 94 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu, ba don cutar ta fi zafi a nan ba, sai don ana gano ta a makare kuma magani yana nesa. Shi kansa zaɓen lokacin yana da gyara, tun da Oktoba kaka ce, matan ƙauye suna cirar gyaɗa, ba mai barin gona ta zo birni neman ciwon da ba ta ji ba. Da za a ɗauki ungozomar nan da na'urarta mai batir a kai su kasuwannin ƙauye da rani, ranar da mata ke taruwa da kansu, da an samu waɗanda aka fi nema.

A bakin ƙofar fita akwai tebur na rigakafin HPV, wanda Kamaru ta sa cikin alluran yara a 2020 domin 'yan shekara tara, kuma kyauta ne. Kusan ba kowa a wurin, saboda jita-jitar hana haihuwa ba ta mutu ba. Washegari na koma da 'yata aka yi mata, na zauna da ita minti goma sha biyar kamar yadda aka ce, muka sayi ƙosai muka dawo.

Ga wadda ta tambaye ni ko ta je idan aka sake buɗewa, ina ce mata ta je, ta yi sammako, ta tafi da karnenta, kuma ta sanar da maigida tun daga gida. Goggo tana wurina yanzu, gashin kanta ya fara tsirowa fari fat, muna jiran Kawu ya karɓi kuɗin audugarsa kafin mu yanki tikitin jirgin.