PIN ko barakta: wanne za ka sa a faifan karkata igiya?

Ƙanena, ka ce aikin kammala karatunka a jami'ar Ɗanfodiyo faifan metasafes ne, wanda igiyar rediyo za ta ratsa ta fito ta nufi inda kake so ba tare da an juya eriya ba. Tambayarka: wane dayod, wato ƙaramin kayan lantarki da ake liƙawa a faifan, za ka sa: PIN ko barakta?

Aikinsu ɗaya. Faifan ƙananan gidaje ne jere, kowane gida na jinkirta igiyar daban da maƙwabcinsa, sai ta fito a karkace; dayod ɗin ne ke sauya wannan jinkirin.

PIN makunni ne kawai, ko kunne ko kashe. Ka sa biyu a gida ɗaya suna juya hanyar wuta, ka sami jinkirin digiri 0 da 180 (cikakken zagayen igiya digiri 360 ne), shi ke nan. Da shi Tie Jun Cui da abokan aikinsa na Nanjing suka yi nasu a 2014, ko da yake nasu mayar da igiya yake, ba ratsa shi take ba. Sauƙin nan ba kyauta ba ne: matakai biyu kacal na cinye maka kusan desibel 4 na ƙarfin igiyar. Ga cin wuta. Gida 16 sau 16, 256 ke nan. In kowane na jan miliam 10, ka haura am biyu da rabi (am ɗaya miliam 1,000 ne). Ka tuna zafin Afrilu a Sakkwato, ka bar wa allon hanyar shan iska.

Barakta kuwa boltej kake murza masa a hankali, jinkirin na bi sannu-sannu, wutar da yake ja ba ta taka kara ta karya ba. A kwamfuta abin sha'awa. Amma shimfiɗa ɗaya ba ta kai ka digiri 360 sai ka jera uku ko huɗu, kowace da asararta, kowane gida da boltej nasa da layinsa. Ni a nan na sha wuya: dare biyu ina bin siraran layuka da gilashin ƙara girma, ashe dalma ce ta haɗe biyu.

Shawarata, ɗauki PIN, ka tsaya a gigahaz 5.8. Tsawon zangon igiyar kusan santimita 5 ne, gida bai kai rabin haka ba, hannu na iya liƙa dayod ɗin. Fara da 8 sau 8, ka auna gida ɗaya kafin ka buga allon duka.