Injin zinare irin na Djado ko Equinox, don gonakin Ingila?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane injin gano ƙarfe a ƙasa za ka saya don gonakin Ingila. Tsakanin injin PI (pulse induction, mai aika bugun lantarki cikin ƙasa) irin wanda masu haƙar zinare ke yawo da shi a Djado ta arewacin Nijar da kuma Equinox 800 da ka ambata, ɗauki Equinox, kada ma ka ɓata lokaci.

Gonakin nan an shafe ɗaruruwan shekaru ana huɗarsu, cike suke da ƙusoshi, takalman dawaki da gutsattsarin garma. Abin da zai cece ka shi ne na'urar da ke bambance baƙin ƙarfe da azurfa ko tagulla tun kafin ka soka shebur. Equinox na nuna lamba daga -9 zuwa 40, baƙin ƙarfe yakan faɗo ƙasa da sifili da wata murya mai kauri, sai ka wuce abinka. Tana aiki da zangon sigina (frequency) da yawa lokaci guda, kuma tana shiga ruwa har zurfin mita 3, ka ga ruwan saman ƙasar nan da ba ya sallama ba zai dame ka ba.

Wata Asabar bayan girbi, a wata gona a Norfolk, na yi awa uku ban samu komai ba sai marfin gwangwani da maɓallai. Har na juya zan koma mota sai na ji wata 'yar ƙara siririya, tsaf, ta kowane ɓangare na kaɗa faifan na'urar ba ta canzawa. Ko taƙi ɗaya ban haƙa ba. Na murtsuke ɓurɓushin laka a tafin hannu, sai ga kwabon azurfa, siriri kamar ɓawon albasa, da gicciye a baya da ɗigo uku-uku a kowane lungu. Na Sarki Edward na ɗaya ne, irin waɗanda aka fara bugawa a 1279. Wallahi zama na yi a kan kunya ina ta kallonsa. Ba wani kuɗin kirki zai yi ba, amma har yau yana cikin akwatina.

PI kuwa na taɓa sayen wani, yana jin abu mai zurfi, wannan ban hana shi ba. Amma ba ya bambance ƙarfe sosai, wata biyu na yi ina tono ƙusa, na sayar da shi da asara. Na daji ne mai ƙasar zinare.

Sai ka yi hattara da masu talla a Facebook. Jabu sun yi yawa, kwali da tambari duk iri ɗaya. Duk wanda ya ce rabin farashi, ya kuma hana ka gwadawa, gudu. Je wurin dila mai izini, ko ka tafi da kwabo da ƙusa a aljihu ka gwada a gabansa. Masu sanda mai eriya da ke cewa tana hango zinare daga kilomita guda, damfara ce tsantsa.

Kuma kada ka taka gonar kowa sai da izinin mai ita, ku yi yarjejeniya a rubuce kan rabo. Dokar Ingila ta 1996 ta ce in ka samu tsabar zinare ko azurfa biyu ko fiye a wuri guda, masu shekara sama da 300, kwana 14 gare ka ka kai rahoto. Ka haɗa Equinox ɗin da ƙaramar na'urar hannu ta lalube cikin rami, ita ce abin da na yi nadamar rashin saye tun ranar farko.