Notin roba mai kumbura: ya kashe min ƙara, ya bar min wata

Adaidaita sahu nake tuƙawa a Kano, kuma akwatin ƙarfen da nake zuba canji ya kusa haukata ni. Da na hau gargada sai kwaramniya kamar ana kiɗan gwangwani. A jikin bututun firam yake, hannu ba ya shiga ciki balle a riƙe noti ta baya. Mai walda ya ce a ɗana masa wuta kawai, na ƙi, don ba zan ƙona fentin keken da ban gama biyan kuɗinsa ba.

Wani abokin sana'a ne ya nuna min notin nan na roba, mai kama da ƙaramar hula, da zaren tagulla a gindinsa. Na sayi goma, M5, wato na ƙusa mai kaurin milimita 5. Aka huda rami mai faɗin milimita 10, aka cusa, ana ɗaure ƙusar robar ta kumbura daga ciki ta kama bututun gam. Wallahi ranar har Wudil na kai kaya ban ji ƙas ba. Na dawo ina ta yabonsa a majalisa.

To, na huɗun ne ya ɓata min rai. Na ce wa yaron bakaniken, "Ɗan samari, a hankali, roba ce fa." Ya ce, "Oga bari ya ji hannu." Ya ƙara murɗa biyu, sai ji muka yi ɓas! Tagullar ta yage robar ta faɗa cikin bututun. Mun karkata keken, mun bubbuga, mun zura waya, ta ƙi fitowa, kuma maganaɗisu ba ya kama tagulla. Yau wata uku tana ciki, duk birkin da na taka sai ta gangaro ta ce ƙyal. Fasinjoji ba sa ji, ni kuwa har cikin raina.

Na ɗora laifin a kan yaron, sai zafin Afrilu ya zo. Biyun da na sa a madgad, inda rana ke duka, duk sun tsattsage kamar kaushin ƙafa. Mai shagon da ya rantse min robar "ta waje" ce, da na mayar masa cewa ya yi ai kowa haka yake saya.

Na cikin inuwa dai suna nan lafiya, akwatin bai sake motsi ba. Zan ƙara saye, amma ba a wurinsa ba, kuma ni zan ɗaure da hannuna.