Daga Liyon zuwa Tawa: kayan feshin fenti a cikin gida, ƙararsu da ƙurarsu

Zuwa ga ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna da iyali da sauran ƴan gida baki ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci cewa kana son ka mayar da aikin rubutun allunan shaguna da zanen tankin babura cikin ɗakin da ke kusa da zaure, kana aiki da ƙaramar bindigar feshin nan ta masu zane, wato aerograf. Na shiga shagunan da ke sayar da kayan a nan Liyon ta Faransa, na kuma zauna da wani maƙwabcina da ya daɗe yana wannan aiki a ɗakinsa, don kada in saya maka abin da aka yi domin gidajen Turawa alhali a gidanmu za a yi aiki da shi.

Bindigar kanta ba ita ce damuwa ba. Akwai ƴar China mai araha da ake samu a kan yuro 20 zuwa 30, akwai kuma na manyan kamfanoni irin su Iwata na Japan da Harder & Steenbeck na Jamus, waɗanda sukan haura yuro 100. Tun da yuro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ka ga yuro 100 ya zarce jikka 65 ke nan. Bakinta yakan kasance milimita 0.2 zuwa 0.5, kuma ƙarfin iskar da take bukata bai cika wuce bar 2 ba, bar kuwa shi ne ma'aunin matsin iska. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake kula da mai saye: doka ta ba shi garanti na shekara biyu a kan sabon kaya, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 da zai iya mayarwa ba tare da ya faɗi dalili ba, sannan allura da bakin bindigar ana sayar da su ɗaya-ɗaya. Sai dai wannan garanti ba zai bi ka Tawa ba, domin kuɗin mayar da kayan ya fi kayan. A gefe guda kuma, gyara a nan tsada ne ƙwarai, har mutum yakan gwammace ya jefar ya sake saye, alhali mai gyara a kasuwar Katako ta Yamai zai kwance inji ya ɗaure a gabanka kan kuɗi kaɗan.

Ƙara ita ce abin da mutanen nan suka fi tsoro, kuma dalilin a fili yake. Gidajen bene ne, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, ƙasan ɗakinka kuma rufin wani ne. Hukumar kowane yanki takan ƙayyade sa'o'in da aka yarda a yi aiki mai ƙara a cikin gida, ranar Lahadi ma yawanci sa'o'i biyu ne kacal da hantsi, wanda ya dami maƙwabta kuma ana iya cin sa tara. Shi ya sa kwamfureso, wato injin da ke matsa iska ya tura wa bindigar, sau da yawa za ka ga an rubuta ƙarfin ƙararsa a jikin kwalinsa a shago. Ƙananan da aka yi domin aerograf sukan tsaya wajen desibel 50 a ma'aunin ƙara, ƙasa da hirar mutum biyu wadda ake ƙiyastawa a kan 60, babban nan irin na masu faci kuwa yakan kai 90 ko ya wuce. A dokar aiki ta Tarayyar Turai, idan ƙarar da ma'aikaci ke ji a yini ta kai desibel 85, wajibi ne ya toshe kunne.

Na san za ka yi dariya, domin a unguwarmu injin niƙa da janareto ba su bar wa kowa wurin ƙorafi ba. Amma ɗakin da ka zaɓa yana jikin na Inna, kuma kai ma kunnenka ba aro ka yi ba. Saboda haka na fi son in saya maka ƙaramin kwamfureso mai tanki na lita 3, wanda farashinsa ke kusa da yuro 100. Amfanin tankin shi ne injin yakan tsaya da kansa idan ya cika, ya sake tashi idan iska ta ragu, don haka yawancin lokacin aikinka shiru ne, iskar kuma tana fita daidai ba tare da tsalle ba. Kuran ɗinmu da kan soket ɗinmu irin na Faransa ne, ba sai ka canza komai ba. Wani kaso na ƙarar da ake ji ma girgiza ce da ke bin tebur da daɓe, don haka ka aza shi a kan guntun soson katifa ko robar tsohuwar taya. Mutanen nan suna saka shi cikin akwatin katako da aka manne wa soso, amma kada ka kwaikwaye su a zafin Afirilu da Mayu, domin injin da ba ya shan iska ƙonewa yake yi. Wasu kuma suna haɗa nasu da motar tsohon firji, wadda kusan ba a jin motsinta. Wannan dabara ce da masu walda na gida za su iya, muddin an sa mata abin da zai katse wuta idan tanki ya cika da bawul ɗin da zai saki iska idan ta yi yawa, in ba haka ba tankin na iya fashewa.

Maganar da ta sa na tsawaita wasiƙar nan ita ce ƙurar fenti. Ba duk abin da bindiga ta fesa ke sauka a kan allo ba, wani kaso yakan bushe a cikin iska ya zama gari mai laushi, ya daɗe yana yawo a ɗaki kafin ya kwanta a kan shimfiɗa da kwanon abinci, ko ya shige huhu. Turawa, da yake tagoginsu a rufe suke rabin shekara saboda sanyi, suna sayen wani akwati mai buɗaɗɗen gaba, a bayansa akwai matata da fanka mai zuƙar iska, sai tiyo mai faɗi da ke fitar da ita ta taga. Kuɗinsa ya kusa na kwamfureso, amma ƙarami ne, an yi shi domin kayan wasa da ƙananan zane, allon shago ba zai shiga ba. Ban ga dalilin da zai sa in biya kuɗin jirgi a kansa ba, tun da kafinta zai iya haɗa maka babba da falanki, a sa masa fankar zuƙa da soso siriri a matsayin matata. Ka tabbata dai tiyon ya fuskanci bayan gida, ba tsakar gida inda ake girki da shanya ba.

Matatar nan gari kawai take kamawa, ba ta kama tururi. Fentin ruwa, irin na kamfanin Vallejo na Sifen ko Createx na Amurka, warinsa kaɗan ne, kuma takunkumi mai lamba FFP2, wanda ke tare kashi 94 cikin ɗari na ƙura, ko FFP3 mai tare kashi 99, ya isa a kansa. Fentin mota da ake tsinkawa da diliyan kuwa al'amarinsa daban ne, domin tururinsa yana ratsa takunkumin takarda, balle rawani ko ƙyallen da masu fenti na gida ke ɗaurawa a hanci. Shi sai takunkumin roba mai gwangwani biyu masu gawayi a ciki, masu lamba A2P3, waɗanda za ka gane su da zanen ƙasa-ƙasa da fari. Gawayin yana ƙarewa ko ba a yi aiki da shi ba idan aka bar shi a buɗe, don haka a ɗaure shi cikin leda bayan aiki, da zarar ka fara jin wari ta cikinsa kuma ya mutu ke nan. Tururin diliyan yana kama wuta, saboda haka kada a kusance shi da murhu ko taba, kuma kada a zuƙe shi da fankar da motarta ke tartsatsi. Wanda ya fi duka haɗari shi ne fenti ko banishi mai haɗi biyu da ake zuba wa maganin taurarawa, domin sinadarin da ke cikinsa yana haddasa asma. Tun watan Agusta na 2023 Tarayyar Turai ta wajabta horo ga ma'aikatan da ke aiki da shi. Wannan kada ya shiga gidan da yara ke kwana, aikin tankin babur ya zauna a rumfarka ta bakin titi.

Akwai kuma matsalar da mutanen nan ba su sani ba, wato ƙurar da ke shigowa daga waje. A lokacin hunturu, fankar da ke fitar da iska daga ɗaki tana jawo wata ta ƙofa, wadda za ta zo da ƙurarta ta zauna a kan ɗanyen fenti. Ka rataya jiƙaƙƙen buhu ko zane a ƙofar, ka yayyafa ruwa a daɓe kafin ka fara, ka kuma goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Zafinmu yana busar da fentin ruwa a kan tsinin allura cikin ɗan lokaci, don haka aikin sassafe ya fi, tare da ɗigon maganin da ke jinkirta bushewa.

Ruwan wanke bindiga a nan ana fesa shi cikin kwalba mai murfi da matata, ragowar fenti kuma a kai shi wurin da hukumar gari ta ware wa sharar sinadarai, ana karɓa kyauta. Mu da ba mu da irin wannan wuri, ka tara shi a gwangwani mai murfi nesa da yara da awaki, kada a zuba a kwata.

Abin da zan aiko ta hannun mai zuwa Yamai shi ne kwamfureso mai tanki, bindiga ɗaya mai kyau da allurai da bakuna na canji, takunkumin roba da gwangwanaye masu yawa, tun da su ne za su yi maka wuyar samu a Tawa. Fentin diliyan ba a yarda a shiga jirgi da shi ba, sai ka nema a can. Ka auna mini faɗin tagar ɗakin da tsawonta, ka kuma faɗa mini girman allon da ka fi yin aiki a kansa, don in san girman fankar da zan haɗa cikin kayan.

Wassalam, yayanka.