Gilashin Ƙara Girma Mai Ninki 10 a Aikin Tantance Gemun Bishiya

Na sayi wannan gilashi ne domin tantance laiken ɗin nan mai kama da gemun dattijo, wanda ke reto a rassan bishiyoyin bakin teku a ƙasashe masu zafi, masana kuma ke kiransa Usnea. Laiken halitta ce da naman gwari da gansakuka suka haɗu suka zama jiki ɗaya, kuma alamomin da ke raba nau'o'insa ƙanana ne ƙwarai, ido kaɗai ba ya kai gare su.

Gilasai uku ne aka manne wuri guda, shi ya sa abin da ake dubawa ke fitowa tas har gefe, launuka ba su gauraya. Ana kafa shi daf da ido, sannan a matso da abin zuwa kamar santimita 2 da rabi.

Inda ya fi burge ni shi ne gwajin zare. Na jiƙa sili ɗaya, na ja shi a hankali, sai na ga ɓawon mai launin kore-kore ya tsage zobe-zobe, wani farin zare ya bayyana a tsakiya yana miƙewa kamar roba. Wannan zaren ne shaidar Usnea, domin Ramalina, wata halittar laiken ta daban wadda ke zama tare da ita a reshe ɗaya, ba ta da shi, kuma rassanta galibi a shimfiɗe suke. Da na yanka reshe mai kauri da reza, na ga tsakiyar zaren rami ne kamar bututu, siffar da aka san Usnea baileyi da danginta da ita. Ƙananan ƙuraje da garin da ke jikin rassan, waɗanda laiken ke yaɗuwa da su, su ma sun fito sarai.

Aibinsa shi ne iskar gishiri ta sa ƙusar murfinsa ta yi tsatsa da wuri, kuma a inuwa sai an haɗa da tocila.

Mai saye ya sani cewa gilashin zai tabbatar masa da jinsi, wato cewa Usnea ce, amma sau da yawa ba zai ba shi sunan nau'i ba, domin nau'o'in Usnea sun haura 300, kuma da yawansu sai an ɗiga musu sinadari irin su potassium hydroxide an ga launin da cikinsu zai juya. Duk da haka, ba na fita aikin ba tare da shi a wuyana ba.